Ƙadangarun da Rimot ɗin Iya Ke Aikowa

Wani mafarki na yi daren jiya, irin wanda in ka ba da labarinsa da rana sai a taɓa goshinka a ji ko zazzaɓi ne. Amma bari in fara faɗin abin da na kwanta da shi a rai.

Iya kakata ce, mahaifiyar babanmu. Tun da ta zame a bakin rijiya ƙashin ƙugunta ya tsage, take kwance a ɗakinta na can ƙuryar gida, kusa da bishiyar gwaiba. Ba ta iya tashi ta kunna fanka, in kuma ta yi kira daga can, sai iska ta ga dama take kawo mana muryar. Baffa Mudi, ƙanen babanmu, ya zo dubiya ya tarar da ita sharkaf da gumi tana ta kira ba mai ji. Nan take ya yanke magana: ranar Asabar zai dawo ya tafi da ita gidansa na Kaduna, saman bene, inda babu gwaiba, babu maƙwabciyar da za ta leƙo a yi hira. Iya ta juya fuska bango.

Ni ban iya musu da manya ba. Duk zaman da na yi a jami'a ina karatun injiniyan lantarki, ba na jin akwai malamin da zai iya shaida muryata. Amma ranar sai na ji bakina ya ce, can ƙasa-ƙasa, "Zan haɗa mata wani abu."

"Wane abu?" in ji Baffa.

"Wanda za ta kunna fanka da fitila, ta kuma kira mu, tana daga kwance."

Ya ce to, in ya zo Asabar ya ga abin yana aiki, ya bar ta.

Na ɗauko rimot ɗin tsohuwar talabijin ɗinmu. Shi rimot da haske yake magana, wani haske da idon mutum ba ya gani, sai dai kyamarar waya. Na sayo ɗan baƙin ido mai ƙafa uku da ke karɓar wannan hasken, na haɗa shi da 'yar ƙwaƙwalwar na'ura, na rubuta mata umarni a kwamfuta, na jona mata makunnin fanka da fitila da ƙararrawar kira. In ni na danna, komai lafiya lau: fanka ta tashi, in na sake dannawa ta tsaya. In Iya ta danna, sai abin ya haukace. Makunnin ya kama ƙas-ƙas-ƙas, fanka ta tashi ta tsaya, ta tashi ta tsaya. Na canja batir. Na canja idon. Na ja labule don kada hasken rana ya sa baki. Duk a banza. Jiya Juma'a ce, kuma haka na kwanta.

Sai na gan ni a wani gari mai koriyar ƙasa, sumul kamar an goge ta da tsumma. Titunansa na tagulla ne, ba sa lanƙwasa, sai dai su karya kwana. Ana yayyafi, amma daga ƙasa yake tasowa, ɗigon dalma mai ƙyalli, yana haurawa sama yana mannewa a gajimare. Kowa ya kife lemarsa a ƙasa ya shiga ciki yana tafiya. Ban ga abin mamaki a ciki ba.

Garin tsit yake. Kasuwa a cike, ana ciniki, ana faɗa, amma ko tari ba ka ji. Kowa yana da ɗan ƙwan fitila a tsakiyar goshi. Na ɗaga wayata na duba ta kyamara, sai ga goshin jama'a duk suna ƙifta haske mai launin shunayya. Wata mai tumatir tana zazzaga wa wani mai baro masifa, goshinta kamar walƙiya, amma ko kazar da ke barci a gefenta ba ta farka ba. Na ce a raina, ga garin da ya kamata a ce a nan aka haife ni.

Matsala ɗaya garin yake da ita. A tsakiyarsa akwai wata fanka mai tsayin hasumiya, fukafukanta a tsaye cak, garin ne ke juyawa a kewayenta. Kuma ba ya juyawa da daɗi. Ya tashi, ya tsaya, ya tashi, ya tsaya. Mai shayi ya ɗaga buta zai zuba wa wani, shayin ya sauka a kofin na kusa da shi. Wanzami ya kwashe rabin gemun da ba a ce ya taɓa ba. Na karanta goshin mai gemun ta waya, yana cewa, "Allah ya haɗa ni da wadda ta rubuta dokar garin nan." Na jawo mayafina na rufe nawa goshin.

A gindin fankar na tarar da Baffa Mudi. Ya ɗora Iya da gadonta a saman motarsa yana ɗaurewa. Shi kaɗai ne a garin yake magana da baki.

"Juwairiyya, miƙo min bakin igiyar can."

"Baffa, ai Asabar ba ta yi ba."

"Na taho da ita," ya ce. Ya buɗe but ɗin mota, ga Asabar a ciki an naɗe ta kamar darduma. "In na gama ƙulle-ƙullen nan garin bai daidaita ba, mun tafi."

Ban ɗaga kai na dubi Iya ba. Kunyarta nake ji.

Sai ga ni a ƙofar ofishin gari. Mai gadin wani baƙin bunsuru ne, ƙafarsa uku, idonsa ɗaya, ƙato, a tsakiyar fuska. Muddin ba mai magana, kunnensa a miƙe yake sama. Sai ya ji magana yake sauke shi.

Na ɗan ɗage mayafi, goshina ya yi sallama yadda bakina ya saba yi, gajeriya, a ciki-ciki. Kunnen bai motsa ba.

"Malam, na yi sallama."

"Wannan sallama ce ko atishawa?" in ji bunsuru. "A nan doguwa ake yi. Ki ja ta sosai. Sannan ki yi shiru rabin tsawonta. Sannan ki faɗi wurin wanda kika zo, ki ƙaryata. Sannan ki faɗi saƙonki, shi ma ki ƙaryata."

"In ƙaryata kaina?"

"To da me za mu gane ba iska ce ta kwaso ki ba? Iska ba ta iya faɗin magana ta kuma faɗi akasinta daidai."

A gefena rana ce tsaye a layi, jibgegiya, tana ta kwarara ihu da dukan jikinta. Bunsuru ko kallo ba ta ishe shi ba.

"Rabu da ita," ya ce. "Tun da ta fito take ihu ba ta numfasa ba. Mu wanda ba ya yin shiru ba ma jin sa."

Na ja sallama har numfashina ya kusa ɗaukewa. Na yi shiru, wanda dama shi na fi iyawa. Sannan na ce, "Wurin shugaban ofis na zo. Ba wurin shugaban ofis na zo ba. Ina son ganinsa. Ba na son ganinsa."

Kunnen ya faɗo. "Yau na ga mai gaskiya. Shiga."

Shugaban ofis shanshani ne, baƙi, dogo, ƙafafunsa na azurfa jere a gefe biyu. Ƙafa ɗaya tana riƙe da igiyar fanka, ɗaya ta fitila, ɗaya ta ƙararrawa, sauran ba a ba su aiki ba, suna ta sosa juna. A gabansa akwai mudu. Ba kalmomin mutum yake saurara ba, shirun da ke tsakaninsu yake aunawa. In shirun bai cika mudu ba ya ce sifili, in ya cika ya ce ɗaya, da haka yake gane abin da aka zo da shi. Da ya gan ni ya miƙe tsaye da dukan ƙafafunsa, abin da ya ɗauke shi lokaci.

"Ranki ya daɗe, mai doka da kanta! Bari in sanar da jama'a."

"Don Allah zauna, Malam Shanshani."

"Tun da kika kafa ni ban saɓa miki ba ko sau ɗaya."

"To me ya sa garin yake fizga?"

"Ni na sani? Kin ce duk wanda ya shigo da maganar fanka in ja igiya. In na ja ta tashi, in na sake ja ta tsaya. Gwada naki ki gani."

Na duba hannuna, ga rimot. Na taɓa maɓallin na janye yatsa da sauri, yadda nake taɓa ƙofar mutane. Sai wani manzo ya shigo cikin babbar riga, ya ja doguwar sallama, ya yi shiru, ya faɗi gidan da ya zo ya ƙaryata, ya ce, "A ja igiyar fanka, kada a ja igiyar fanka," ya juya ya fita. Shanshani ya ja igiya. Gari ya kama juyawa lafiya. Ta taga na hango mai shayi ya dace da kofi.

"Kin gani?" in ji Shanshani. "Naki manzon shi kaɗai yake zuwa, kamar maraya. Tsaya ki ga na tsohuwa."

Ƙofa ta sake buɗewa. Manzo ne dai mai babbar riga, ya yi duk abin da na farkon ya yi, aka ja masa igiya. Amma bai gama fita ba sai ga wani jan gwada ya leƙo. Ya yi 'yar sallama, ya dogara ƙafafun gaba, ya gyaɗa kai, ya ce, "Haka dai."

Shanshani ya ja igiya.

Wani ƙadangaren ya shigo. "Haka dai."

Ya ja.

"Haka dai."

Ya ja. Layinsu ya miƙe har waje. Ta taga na ga wanzami ya kwashe ɗaya rabin gemun.

"Me ya sa kake ja musu?" na tambaya. "Ai ba su ce fanka ba."

"Na gabansu ya ce fanka, su kuma sun ce haka dai. Haka dai ɗin me? Na fanka mana. Ba ki ce in duba rigar mai magana ba, ranki ya daɗe."

Na durƙusa gaban wani ƙadangare. "Bawan Allah, me aka aiko ka ka faɗa?"

"Haka dai."

"Wa ya aiko ka?"

"Haka dai."

"Kana da iyali?"

Ya ɗan yi tunani. "Haka dai."

"Ni ban taɓa ganin waɗannan ba," na ce wa Shanshani.

"Ina za ki gan su? Ke ba kya tsayawa."

Na bi layin ƙadangarun in ga inda suke fitowa. Na wuce bunsuru. Na wuce rana, wadda muryarta ta fara dishewa. Na ratsa kasuwa, na karya kwana, na sake karya kwana, sai ga ni a inda na baro, gindin fanka. Layin ya bi tayar motar Baffa, ya hau igiya, ya haye saman mota. Baffa yana riƙe da bakin igiya a haƙori yana ƙulli. Na taka bamba na hau.

Sai a lokacin na tuna cewa duk gwajin da muka yi a gida, ni kwamfuta nake kallo, gadon na bayana. Ban taɓa duban hannun Iya ba.

Tana kwance ta riƙe rimot da hannu biyu kamar mai miƙa wa babba ƙwarya. Babban yatsanta mai lalle ya danne jan maɓalli har farcen ya yi fari. Daga bakin rimot ɗin ƙadangaru suke faɗowa ɗaya bayan ɗaya, su gyara tsayuwa, su bi layi.

"Iya, ɗaga yatsan."

"An amsa ne?"

"Ai sau ɗaya ake dannawa a saki."

"Ke kike haka, Injiniya. Ki je ƙofar mutane ki yi sallama kamar mage ta taka ruwa, ki dawo ki ce ba kowa a gidan. Ni in na kira abu, ina nan riƙe da shi sai ya amsa. Kakanki ma haka na yi masa."

Na kama yatsan da hannu biyu na ja. Bai motsa ba. Mai shayi ya hawo ya kama ƙuguna, wanzami ya kama nasa, mai tumatir ta kama wanzami, muka ja gaba ɗaya.

"In kun gama," in ji Iya, "a ba ni goro."

"Kada ku wahalar da kanku," Baffa ya ce daga ƙasa. "Tun muna yara haka take. Saura ƙulli ɗaya."

Na saki yatsan. Na gane ba zai koyi dokata ba, dokar ce za ta koyi yatsan. Amma ofis yana can ƙarshen gari, Baffa kuwa har ya zura bakin igiya cikin ƙullin ƙarshe. Hanya ɗaya ta rage, in yi magana daga nan inda nake, gaban duk mutanen da ke neman mai doka ruwa a jallo.

Na miƙe tsaye a saman motar. Na ture mayafi daga goshi. Na ja sallama, na ja, na ja, irin wadda ban taɓa yi wa kowa ba. Yayyafin dalma ya tsaya a tsakanin ƙasa da sama. Daga can nesa na hango kunnen bunsuru ya faɗo. Na yi shiru. Duk garin ya juyo, har mai gemun da babu gemu.

"Malam Shanshani! Ba Malam Shanshani ba! Daga yau mai babbar riga kaɗai za a ja wa igiyar fanka! Ba shi kaɗai ba! Kuma in ya zo a amsa masa da ƙarfi, wadda ta aiko shi ta ji! Kada a amsa!"

Muryar Shanshani ta biyo titin tagulla ta iso. "An ji, ranki ya daɗe! To ƙadangarun fa? Suna da yawa, kuma sun saba da aiki."

Na dubi Iya. Na dubi Baffa, wanda ya tsaya da igiya a hannu yana kallona kamar yau ya fara ganina.

"A ba su ƙararrawa," na ce. "In ita aka kira, kowane haka dai a buga masa." Sai na tuna, na ƙara da cewa, "Kada a buga."

Wani ɗan sauti ya fito daga ofis, ɗit. Gari ya tashi da juyawa a hankali, bai tsaya ba. Iska mai sanyi ta ratso kasuwa. Iya ta saurara, ta ɗaga yatsan ta dube shi kamar baƙo. Sannan ta matsar da shi kan koren maɓalli, na kira, ta danne.

Ƙararrawa ta ɗauka. Ƙadangaru suka ɓarke da gudu suna murna. Baffa ya saki igiya ya toshe kunnuwa, ƙulle-ƙullen suka warware da kansu, Asabar ta zamo daga but ta shimfiɗe a titi, wata akuya ta zo ta kwanta a kai. Ƙarar tana ta ƙanƙancewa, tana bushewa, har ta koma ƙas, ƙas, ƙas, ƙas.

Na buɗe ido. Gari ya waye, Umma tana share tsakar gida, kuma daga ɗakin Iya makunnin nan ne yake ta ƙas-ƙas ɗinsa.

Na ɗauki kwamfuta na nufi can. Wannan karon ban zauna na ba gadon baya ba. Na tsaya na dubi hannun. Babban yatsan yana kan jan maɓalli, farcen ya yi fari.

"Abin naki ya tashi da haukarsa," in ji Iya. "Mudi kuma ya bugo, wai ya taso."

Na zauna a bakin gadon. Gyaran bai wuce 'yan layukan umarni ba. Dama shi rimot in an danne shi ba a saki ba, saƙo cikakke sau ɗaya yake aikawa, sauran duk 'yar gajeriyar alama ce mai nufin a ci gaba. Na ce wa ƙwaƙwalwar ta yi watsi da alamar a wajen fanka da fitila, ta yi ɗit in ta karɓi saƙo, ƙararrawa kuwa ta yi ta bugawa muddin yatsa yana kai.

"Danna, Iya."

Ta danna. Ɗit. Fanka ta tashi, ta ci gaba da juyawa. Iya ba ta saki ba, tana harararta, tana jiran ta yi halin nata. Ba ta yi ba. Can ta ɗaga yatsan.

"Yau ya koyi amsawa," ta ce.

Ba a jima ba muka ji hon a ƙofar gida. Mai motar ya danna, kuma bai ɗaga hannunsa ba. Ƙarar ta miƙe har kajin maƙwabta suka watse.

"Ɗana ne," in ji Iya. "Wanne ne na kiran?"

Na nuna mata koren. Ta gyara riƙo da hannu biyu ta danne.

Umma ce ta fara faɗowa ɗakin da tsintsiya a hannu, Baba na biye da ita da hula a karkace. Baffa Mudi ya shigo a guje, takalminsa ɗaya a waje ɗaya a ƙafa.

"Lafiya? Me ya same ta?"

Iya tana kwance ƙarƙashin fanka, bakin ɗankwalinta yana kaɗawa.

"Ba komai. Ka ce in na kira ba a ji, shi ne na ce bari ka gani. Tunda kun taru, a tsinko wa Mudi gwaiba ya kai wa yara, kada ya koma da mota ba kaya."

Baffa ya dubi fanka, ya dubi 'yar na'urar da ke jikin bango, ya dube ni. Ya ce wani abu da ban ji ba saboda ƙararrawa, amma na ga ya cire ɗaya takalmin ya nemi wurin zama.

"Iya," na ce, da ƙarfin da har Umma ta waiwayo, "an amsa!"

"Na sani," ta ce. Ba ta ɗaga yatsan ba.